Kawu Mai Buɗe Lauje

Daga Allah muke, wurinSa kuma za mu koma. Kawu, yayan mahaifiyata, ya cika ranar wata Laraba da hantsi, ana tsakiyar zafin bazara, a ɗakinsa da ke ƙauyenmu can gaba da Katuzu. Ina wurin. Kwanana tara da baro Nguru na zo jinyarsa, na bar 'yan ajina a hannun wata malama. Ni na shafe masa ido, domin Iya, matarsa, ta kasa motsawa daga inda take zaune.

Kwana uku ana karɓar gaisuwa, kuma ban taɓa ganin zaman makokin da ya tara mata haka ba. Yawancinsu ba danginmu ba ne. Tsofaffi ne, da zawarawa, da waɗanda mazansu suka tafi cin rani kudu aka daina jin ɗuriyarsu. Sai mace ta shigo ta durƙusa gaban Iya ta ce, "Ya haƙuri?" Iya ta ce, "Da godiya." Daga nan sai magana ta ƙare, amma ba ta tashi. Wata tsohuwa mai sayar da tsintsiya ta riƙe hannun Iya ta ce, "Ba ke kaɗai aka yi wa mutuwa ba. Ke kin san miji kika rasa. Mu ko sunan abin da muka rasa ba mu sani ba."

Rana ta biyu matar Arɗo, shugaban Fulanin da suka taɓa zama kusa da mu, ta zo. An yi shekaru rabon da a ga mutanen rugarsu a ƙasarmu, tun da suka ƙaura can wajen Machina. A kasuwar Gashua ta ji labari, ta hau akori-kura zuwa bakin hanya, sauran ta tako da ƙafa, tsohuwa da sanda. Ta ajiye 'yar ƙwaryar nono gaban Iya, ta zauna kusa da ita. Da za ta tashi sai ta juya ta dubi gabas, ta ce da Hausarta ta Fulani, "To, an rufe ƙofa. Yanzu ko mun dawo, wa zai ce mana ku shiga?"

Bulama, wato mai garinmu, ya shigo har tsakar gida ya gai da Iya. Tun shigarsa har fitarsa idonsa na kan takalminsa.

Amma ba kowa ne ke cikin jimami ba. Da la'asar ina wanke-wanke a jikin katanga, maza na zaune a waje ba su san ina ji ba. Wani ya ce, "Allah ya jiƙan tsoho. Ya huta, mu ma mun huta da maganar ciyawa." Aka yi 'yar dariya ƙasa-ƙasa. Na san muryar, na kuma san ɗakin da aka haifi mai ita Kawu ne ya yi masa jinka. Wannan dariyar ce ta sa na ɗauki biro. In na yi shiru, nan da 'yan shekaru abin da za a riƙa tunawa shi ne wani tsoho mai rigima a kan ciyawa. Kuma ni ba ni da bakin yin shiru, domin ina cikin waɗanda suka kashe abin da ya ƙare rayuwarsa yana tsaro.

Sana'ar Kawu jinka ce da saƙar zana. Gajere ne, baƙi, tafin hannunsa kamar ƙirgi, ƙaya ba ta shigarsa. Hausarsa da harshen Badawa take fita, in ransa ya ɓaci kuwa sai ya koma Badanci gaba ɗaya, ya bar ka tsaye. Ba ya wuce ciyawa a hanya bai sa hannu ya murza kanta ba, ya hura, ya duba, ya zuba a aljihu. Iya ta sha yin mita a kan haka. Duk inda take zubar da ruwan wankin rigunansa, da damina sai ka ga ciyawa kala-kala ta fito. Takan ce, "Ni dai ba miji na aura ba, rumbun iri na aura." Shi kuwa ya yi dariya har dasashinsa ya bayyana.

Shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifina, shi ya kai ni makaranta Gashua a kan jakinsa, a lokacin da ake ganin hakan wauta ce. Ban taɓa jin ya kira ni da sunana ba. 'Yar ƙanwata yake cewa.

A gabashin ƙauyenmu akwai wani fili da muke kira Hurumi. Daga ƙarshen gonakin gari yake farawa ya miƙe har bakin kogi, in ka shiga da hantsi ba ka ɓulla ɗaya gefen sai azahar. Ba na kowa ba ne, kuma na kowa ne. Da kaka gamba takan rufe mutum a kan jaki. Ga shuci na jinka, ga kyasuwa da harkiya na dabbobi, ga gude-gude da sabe waɗanda mata ke share 'ya'yansu a yi fate in hatsi ya yi ƙaranci, can gangaren ruwa kuma ga burugu da shanu ke mutuwar so. Zabin daji da fakara nan suke ƙwai. Rijiyoyin da ke gefensa ba su taɓa ƙafewa ba, don ruwan sama in ya sauka a cikin ciyawa ba ya gudu, zama yake ya nutse.

Kawu shi ne mai buɗe lauje. Ba sarauta ba ce, babu rawani babu tambari, gado ne kawai daga mahaifinsa. Da damina ta kankama sai ya bi duk hanyar da ke shiga Hurumi ya ƙulle kan gamba biyu a bakinta. Wannan ƙullin shi ne ƙofa: ba lauje, ba garke. In ruwa ya ɗauke sai ya riƙa zuwa kullum da safe yana murzawa, har ranar da ya ga iri na zuba da kansa. Ran nan zai kwance ƙulli. Kwana ukun farko na matan da ba su da mai yi musu yanka ne. Bayansu kowa ya shiga. A ƙarshe sai shanun Arɗo, su kiwata, su tattake irin ya shige ƙasa, su bar kashi. Daga nan su wuce gonaki su ci kara su bar taki, nono kuma ya cika gari. Haka muka taso muka gani, har muka ɗauka haka Allah ya yi duniya, ba mu san wani ne ke riƙe da ita da ƙullin ciyawa ba.

Maganarsa biyu ce kowa ya haddace. In aka matsa masa ya buɗe da wuri sai ya ce, "A bar ta ta haihu tukuna." In kuma wani ya ce wannan fili asara ce a bar shi haka, sai ya ce, "Gona ta mai gona ce. Hurumi gonar wanda ba shi da gona ce."

Tsohuwar nan mai tsintsiya ce ta ba ni wani labari a zaman makoki, ban taɓa jinsa ba sai ran nan. Shekarar da mijinta ya mutu ya bar ta da yara huɗu da akuya biyu, ta shiga Hurumi da sassafe tun ba a kwance ƙulli ba, ta yanki dami guda. Tana ɗagowa sai ga Kawu a tsaye. Ta ce ta san ta shiga uku, don a lokacin wanda aka kama gaban Bulama ake kai shi, gari duka ya ji. Kawu ya dubi damin ya ce, "Kin san abin da kika yanka?" Ta ce, "Ciyawa, Baba." Ya ce, "Ta baɗi kika yanka." Ya karɓe damin, ya warware shi ya baza a inda ta yanko, ko irin da ya nuna ya zube. Ta koma gida tana kuka, hannu wofi. Rana ba ta yi zafi ba sai ga shi da jaki, ya sauke mata harawar da ya tanadar wa tumakinsa. Haka ya riƙa kawowa har aka buɗe lauje, bai gaya wa kowa ba, ita ma ya hana ta faɗa. Ta ce da ni, "Shekarar nan tumakinsa ƙashi da fata suka zama. Ina gani, ina jin kunya."

Yanzu sai nawa laifin.

Maigidana ɗan kasuwa ne a Nguru, hatsi yake saye da sayarwa, kakanninsa daga Kano suka zo tun zamanin da jirgin ƙasa ke tashe. Mutumin kirki ne, ba zan yi masa ƙarya don ina baƙin ciki ba. Kawu ne ya ba shi aurena, yana kuma ji da shi. A farkon shekarun casa'in duk mai ɗan hali neman fili yake kusa da ruwa, ya sa injin ban ruwa ya noma alkama da shinkafa. Maigidana ya yi ta nema bai samu wanda ya yi masa ba. Wata rana yana cin abinci yana ƙorafi, ni kuma bakina ya ja ni. Na ce, "Ai ba ka ga ƙasa ba sai ka je garinmu. Baƙa wuluk, in ka damƙa sai ka ji danshi ko da rani. Ga ta nan shimfiɗe har bakin kogi, ba mai nomawa." Alfahari nake yi da garinmu, wallahi ba wani abu ba. Ya ajiye cokali ya ce, "Ba mai nomawa?"

Bai yi wata uku ba ya dawo da takarda. Ya bi ta wurin Bulama, ya bi ta ofis, an yanka masa gefen kogi, inda burugu yake. Na ce masa, "Ka yi magana da Kawu?" Ya ce, "Ɗan yanki ne fa. Abin da ya rage ya ishi shanun duniya." Ni ma na yarda, don ina so in yarda.

Ranar da tarakta ta shiga ina garin, na zo ganin gida. Mutane sun yi tsammanin Kawu zai tare gabanta ko ya yi ta zage-zage. Bai yi ko ɗaya ba. Buhu ya ɗauko, ya bi bayanta. Duk tushen ciyawar da garma ta tumɓuke ta kifar, sai ya sunkuya ya ɗauka ya kaɗe ya sa a buhu. In ya cika ya kai can cikin Hurumi inda ya yi sanƙo, ya tona ya dasa, ya koma. Wuni guda yana haka, direba na kallonsa yana dariya. Kwana da kwanaki bayan nan yana jigilar ruwa a jaki yana ba su.

Da yamma ya shigo gida, ƙafafunsa duk taɓo. Na kawo masa ruwa na durƙusa. Bai karɓa ba. Ya ce, "'Yar ƙanwata, mutumin Nguru bai san hanyar Hurumi ba. Wa ya nuna masa?"

Na ce, "Kawu, ɗan yanki ne."

Ya ce, "Ba shi na tambaye ki ba."

Na ce, "Ni ce."

Ya gyaɗa kai ya ce, "Nonon da kika sha kika girma, daga gefen nan ya fito." Ya tashi ya shige ɗaki. Ni ma a lokacin zuciya ta ɗebe ni, na bi shi har bakin ƙofa na ce zamani ya canza, mutane abinci suke so ba ciyawa ba, kuma ba za a zauna a talauce don tsuntsaye su sami wurin ƙwai ba. Ina jin kaina malama, mai ilimi. Da aka girbe alkamar farko maigidana ya aika masa da buhu biyu. A motar da ta kai su suka dawo, ko ɗinkin ba a taɓa ba.

Damina biyu Kawu bai yi mini magana ba. In na je garin sai ya amsa sallama ya fita. A cikin wannan tsakanin na haifi 'yata ta biyu, haihuwar da na sha wuya ƙwarai. Kwana huɗu da haihuwa sai ga wata akori-kura ta tsaya a ƙofar gidanmu a Nguru, aka sauke zana shida sababbi, saƙa mai kyau wadda ko allura ba ta ratsawa, don a kewaye mini wurin wankan jego, da daurin tsintsiya. Na tambayi direban ko an ba shi saƙo. Ya ce, "Tsohon cewa ya yi in ajiye kawai." Na zauna a cikin zanan nan na yi kukan da ban yi a naƙuda ba. Da na yi arba'in na je na durƙusa masa. Ya karɓi jaririyar ya yi mata addu'a, ya ce, "Ya jikin, 'yar ƙanwata?" Maganar ba ta sake tashi tsakaninmu ba, amma ba ta kwanta ba.

Abin da maigidana bai hango ba, ni ma ban hango ba, shi ne ƙofar da muka buɗe ba ta rufuwa. Da aka ga alkamarsa ta yi kyau, wani ya zo da tasa takardar, wani ma ya zo. Mutanen gari suka ce to in baƙi za su cinye, gara mu ma mu ɗiba. Kowa ya ja gonarsa ta ci gaba kaɗan. Kawu ya yi ta zirga-zirga, gidan Bulama, gidan hakimi, ofis a Gashua. Ya sa rigarsa ta sallah ya zauna a benci tun safe har a tashi, a ce ya dawo mako mai zuwa. Wani ma'aikaci ya tambaye shi, "Baba, ina takardarka ta filin?" Ya ce, "Ba nawa ba ne." Ma'aikacin ya ce, "To in ba naka ba ne, mene ne naka a ciki?" Ya dawo gida ya maimaita wa Iya wannan tambayar sau ba adadi, yana juya ta kamar mai neman bakin zare.

Hanyar da shanu ke bi su sha ruwa ta toshe da gonaki. Wata rana da kaka garken Arɗo ya faɗa shinkafar wani, aka fito da sanduna da adduna. An sare wani makiyayi a kafaɗa, hannun bai ƙara moruwa ba, aka ƙone bukkoki uku. Mutanen da shekara da shekaru suke ba juna ajiyar hatsi da ajiyar tumaki. Kawu ya je ruga ya ba da haƙuri, Arɗo ya ce, "Kai ba ka yi mana komai ba. Amma saniya ba ta cin haƙuri." Kafin wata ya ƙare sun tashi. Nono ya ɓace daga gari, taki ya ɓace daga gonaki.

Ita ma ƙasar ba ta daɗe tana ba da abin da aka zo nema ba. Wata doguwar ciyawar ruwa da ake kira kachala, wadda dabba ba ta ci, ta cike hanyar kogin, ruwa ya daina isowa inda injuna suke. Baƙar ƙasar nan da na yi alfahari da ita ta koma fara, ta yi laushi kamar toka. Iskar farkon damina in ta taso sai ta kwashe ta ta zuba a kan shukar mutane. Rijiyoyi biyu suka ƙafe. Maigidana ya haƙura da gonar, takardar ta koma hannun wani mutum da ba mu taɓa gani ba, shi kuma ya kewaye wurin da waya ya tafi abinsa. Har yau babu abin da ke ciki sai tumfafiya.

Abin da ya rage na Hurumi a lokacin bai fi ka tsaya a wannan gefe ka kira mutum a wancan ya ji ba. Kawu bai daina ƙulla gambarsa ba. Yana tsufa, yana jan ƙafa, yana zuwa.

Sai shekarar fara ta zo. Ruwa ya ɗauke gero bai gama ido ba, abin da ya tsira fara ta sauka ta lashe. Ban kasance a garin ba, Iya ce ta ba ni labari. Da hantsi Kawu ya fito ya tarar da mata sun cika ƙofar gida, kowacce da lauje da tsintsiya da ƙwarya. Ba na garinmu kaɗai ba, har na ƙauyukan da nasu filin ya riga ya ƙare. Ba su yi hayaniya ba, zama kawai suka yi a ƙasa.

Wata ta ce, "Baba, ka buɗe."

Ya ce, "Ku ba ni mako biyu. Ciyawar ba ta zubar da iri ba. Mako biyu kawai."

Ta ce, "Akuyata ba ta da mako biyu. Jiya ɗaya ta mutu."

Wata daga baya ta ce, "Ni ba akuya ba ce a gidana, Baba. Yara ne."

Ya koma ciki ya zauna. Iya ta ce ya kai sa'a guda yana kallon hannuwansa. Sannan ya tashi ya ɗauki sandarsa, matan suka bi bayansa. Ya tsaya a bakin hanya ya sa hannu a ƙullin, ya kasa, sai da haƙori ya kwance shi. A cikin kwana uku babu abin da ya rage. An share ɗanyen iri an dafa, an yanke ganye, da ganye ya ƙare aka zo da fartanya aka tone saiwa aka ba dabbobi. Ba na zargin ko mace ɗaya a cikinsu. Da ni ce da yara a gida da na fi su tono.

Da damina ta dawo Kawu ya riƙa zuwa kullum yana duba ƙasa. 'Yan tsiraru suka fito nan da can, awaki suka cinye kafin su kai taƙi. Ba abin da zai ƙulla. Tun daga nan ya fara lalacewa. Abinci sai an yi da gaske. In aka ce masa ai rai ya ceta, sai ya ce, "Da cikinta na yanka ta. Ubana ya ba ni ita da rai." Na ce, "Kawu, ba kai ba ne, mu ne. Da tana nan yadda take da ta ɗauki mutanen nan duka ba ta ji ba." Ya ce, "Na sani. Amma hannuna ne ya kwance."

Maigidana ya je wurinsa a wannan shekarar. Ya cire hula ya zauna a ƙasa, babban mutum da furfura, ya ce, "Baba, na zo ka yafe mini." Kawu ya dube shi, babu fushi a fuskarsa. Ya ce, "Ɗana, ka yi wa Allah kada ka ɗora mini wannan. Da nawa ka ɗauka da tuni na yafe, tun ranar. To ba nawa ba ne. Sai dai ka bi gida-gida, ka bi Arɗo inda yake, sannan ka jira waɗanda ba a haifa ba." Maigidana ya fito yana share ido da hularsa.

A kwanakin jinya, duk lokacin da zazzaɓi ya sake shi sai ya ce in ɗauko takarda. "Ke malama ce, rubuta." Sunayen ciyawa yake faɗa, da Hausa da Badanci, da inda kowacce ke fitowa, da abin da take yi: wannan ta jinka, wannan in saniya ta ci nono ke zuwa, wannan a jiƙa wa mai ciwon ciki, wannan saiwarta ke riƙe gaɓar kogi. Na cika shafi bakwai. Fiye da rabi ban taɓa ganinsu ba, ko na gani ina ƙarama na manta. Ya tambaye ni, "Yaran da kike koya wa, sun san gamba?" Na so in yi masa ƙarya, na kasa. Ya rufe ido ya ce, "To karanta musu. Ko sunan ya zauna."

Ba a yi sadakar bakwai ba na ga an kafa turakun yankan gona a ɗan abin da ya rage na Hurumi. Na je gidan Bulama da takardun nan bakwai a hannuna, na roƙe shi ya bar wurin ko shekara uku, a ƙulle, a ga ko za ta farfaɗo. Ya saurare ni har na gama. Ya ce, "Malama, na ji. Amma in na tara mutane na ce musu matar wanda ya fara kawo tarakta ce ta ce a bari, me kike jin za su ce?" Na naɗe takarduna na fito. Har yanzu ina neman amsa.

Akwai abin da ya faru ranar jana'iza da ban iya faɗa wa kowa ba sai yanzu. An yi masa sutura, an sallace shi bayan azahar, maza suka ɗauke shi. Mu mata muna tsakar gida. Can sai muka ga maigidana ya dawo shi kaɗai, gumi ya jiƙa masa riga, ya tsaya daga bakin zaure ya kasa shigowa. Na je na ce, "Lafiya?" Ya ce an sa shi a kabari, an jera itace, amma ana neman ciyawar da za a shimfiɗa a kan itacen kafin a liƙe da ƙasa, don kada ƙasa ta zubo masa. Maƙabartarmu a gefen Hurumi take. Sun bazu sun duba ko'ina, babu abin da ya kai tafin hannu, sai tumfafiya da leda. Gidajen gari kuwa masu hali sun koma kwano, marasa hali buhuna da tsummoki suka rufa. Jinka mai kyau guda ɗaya ta rage a garin, ta ɗakin Kawu, wadda ya yi da shucin ƙarshe da ya yanka.

Iya ta ji mu. Daga inda take zaune ta ce, "Ku ɗiba. Nasa ne."

Maigidana ya taka turmi ya sa hannu biyu ya zaro runguma guda, ya sake zaro wata. Rana ta faɗo cikin ɗakin, daidai kan tabarmar da Kawu ya cika. Ya rungumi ciyawar a ƙirjinsa ya fita da sauri, ana jiransa.

Ya Allah, ga bawanka ya zo maka. Bai tara komai ba, bai kuma hana kowa abin da yake nasa ba. Ka yafe masa abin da ya ɗora wa kansa, ka shimfiɗa masa inda ba a yanka masa iyaka, mu kuma ka dube mu da rahama, don mun ɓata da hannunmu kuma ba mu san hanyar gyara ba.

Makon jiya na koma garin. Hadari ya fara haɗuwa a gabas. An rufe hujin jinkar da leda an danne da duwatsu, iska ta riga ta yage gefe guda. Na nemi shuci a kasuwar Gashua da ta Karasuwa, na samo dami biyu da aka kawo daga nesa, amma na rasa wanda ya iya ɗora shi. Na ce, "Iya, ki taho Nguru ki zauna da mu. Ruwa zai same ki a nan."

Ta ɗaga kai ta dubi hujin. Sannan ta ce, "Shi dai ya rufu, ko?"

Na ce, "Ya rufu, Iya."

Ta ce, "To shi ke nan."